Tambaya Da Amsa: Shin Imamu Gazali Ne Ya Kashe Falsafa?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Na sha jin ana cewa Imamu Gazali ne ya kashe falsafa a duniyar Musulmi, ya kafirta masu ita, har lissafi da ilimin taurari suka durƙushe saboda shi. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Ɗan'uwa, an yi kuɗin goro a wannan magana. Abu Hamid Gazali, haifaffen Ɗus ta ƙasar Khurasan a 1058, bai soki falsafa ba sai da ya sha ta ya ƙoshi. Bayan waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi kan kujerar koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, yana fama da ɗalibai kusan 300, ya riƙa karanta littattafan masu falsafa shi kaɗai in ya sami sarari. Shi da kansa ya ce bai cika shekara biyu ba ya sauke su, sannan ya ƙara kusan shekara yana jujjuya su a ransa.

Raddin nasa, Tahafutul Falasifa, ya kammala shi a 1095. Mas'aloli 20 ya tsamo, kuma Farabi da Ibn Sina, manyan masu falsafa na Musulmi, ya sa a gaba. Uku kaɗai ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah ya san abubuwa a dunƙule amma ban da ɗaiɗaikunsu, da cewa ruhi za a yi wa sakamako ba za a tashi jiki ba. Sauran 17 bidi'a ya ɗauke su.

Lissafi da taurari kuwa, akasin abin da ka ji ne. A gabatarwar littafin ya kawo bayanin masana cewa husufin wata yana faruwa ne in ƙasa ta shiga tsakanin rana da wata, ya ce mai musun wannan da sunan kare addini ɓarna yake yi masa. Dalilinsa mai sauƙi ne: wanda ya iya lissafa ranar husufi da tsawonsa, in ka ce masa addini ya ƙaryata shi, ba lissafinsa zai yi wa shakka ba, addinin zai yi wa. Manɗiƙi ma, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, ya rungume shi, har ya buɗe Al-Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhu, da shi.

Inda ƙurar ta fi tashi ita ce mas'ala ta 17, ta wuta da auduga. Ka kai auduga bakin wuta, ta yi baƙi, ta zama toka. Gazali ya ce abin da idonka ya gani shi ne ƙuna ta zo lokacin haɗuwarsu, bai ga cewa wutar ce ta wajabta ta ba. Allah ne mai halittar ƙunar, kuma ya gudanar da al'ada a haka, in ya so ya keta ta, kamar wutar Annabi Ibrahim. Mu'ujiza yake karewa a nan. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut cewa mai kore sababi ya kore hankali. A ganinmu kowannensu ya taɓa inda yake wa ɗayan ciwo. Falsafar dai ba ta mutu ba: Fakhruddin Razi ya cusa ta cikin ilimin kalam, wato ilimin kare aƙida da hujjojin hankali, Nasiruddin Ɗusi kuma ya kafa wurin nazarin taurari a Maraga a 1259.

Tambaya: Me ya sa ya bar Bagadaza alhali yana ganiyar ɗaukaka?

Amsa: Ya ce ya duba niyyarsa ya tarar neman suna ne. Wajen wata shida yana kai-kawo da zuciyarsa daga Rajab na 488 Hijira (1095), har harshensa ya ɗaure a gaban ɗalibai, abinci ya ƙi shiga. A Zulƙi'ida ya fita da sunan aikin Hajji, ya nufi Dimashƙa, daga nan Ƙudus. Bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisabur. Ya rasu a Ɗus a 1111.

Tambaya: Malam, ina son fara Ihya'u Ulumiddin na Gazali, amma an tsorata ni da hadisansa. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoron yana da tushe. Gazali gwani ne a fiƙhu da usulu, amma hadisi ba fagensa ba ne, don haka akwai masu rauni da marasa asali. Nemi bugun da ke ɗauke da tahrijin Hafiz Iraƙi, wanda ya rasu a 1404, a ƙasan shafi, wato bayanin asalin kowane hadisi da matsayinsa. Duk hadisin da kika ci karo da shi, sauke ido ƙasa kafin ki haddace ko ki faɗa wa wani. In kin ga ya ce bai sami asalinsa ba, kada ki jingina shi ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Littafin kashi huɗu ne, kowanne littattafai goma, jimilla 40: ibadu, al'adun rayuwa, masu halakarwa, masu tserarwa. Hukunce-hukuncensa na mazhabar Shafi'i ne, kada ki cakuɗa su da na mazhabar da kike bi ba tare da malami ba. In girmansa ya yi miki yawa, fara da Mukhtasar Minhajil Ƙasidin na Ibn Ƙudama, wanda aka tace daga gare shi, sannan ki shiga kashi na uku, inda ya yi fiɗar hassada, riya da girman kai.