Contax T2 ko Ricoh GR1: Wacce Zan Saya?

Tambaya: Malam, ina neman ƙaramar kyamarar fim ta aljihu. Tsakanin Contax T2 da Ricoh GR1, wacce ta fi gilashi mai kyau da sauƙin sarrafa haske?

Amsa: Ɗan'uwa, faɗin abin da gilashin ke ɗauka ne ya raba su. T2 ta 1990 tana da gilashin Carl Zeiss Sonnar 38mm f/2.8 (lambar f tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga: ƙaramar lamba, babbar ƙofa), mai fito da fuska da launi tas. GR1 ta 1996 kuwa 28mm f/2.8 ce, ta fi kwashe kasuwa ko ɗaki, amma ka matso kusa da fuska sai hanci ya yi girma.

A T2 akwai tarko: idan ka kai zoben ƙofar haske kan 2.8, kyamarar ce ke zaɓar komai da kanta. Ikonka ya fara daga f/4 zuwa f/16. GR1 tana barinka ka tsaya a f/2.8. Dukansu suna ƙara ko rage haske har mataki 2, rabi-rabi. Idan rana tana bayan mutum, ƙara mataki 1 ko 1.5, in ba haka ba fuska ta yi duhu.

Saurin ƙyaurensu, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga, bai wuce 1/500 na daƙiƙa ba, don haka fim mai ISO 400 (ma'aunin saurin kama haske) da tsakar rana sai f/16. Sayi 100 ko 200.

Kafin ka biya, duba ɗan allon saman GR1, lambobinsa kan goge da tsufa. Ni dai don hoton mutane, T2.