Amsar kawunki kan maganar Auta da shiga Dominikan

Ɗiyata, na ga saƙonki tun daren jiya, ban amsa ba ne saboda irin wannan magana ba a yi mata amsar tsaye. Kince Auta ya faɗa wa mamanku yana so ya shiga wajen fadan Dominikan, wato wata ƙungiyar limaman cocin Katolika, tun ranar take kuka tana cewa ta yi asarar ɗa, ke kuma kin rasa gane bambancinsu da sauran fada tunda duk Misa ɗaya suke yi, sannan kina tambaya ya za a yi da rabonsa na gonar marigayi babanku. Toh ki gyara zama, kinsan kawunki in ya fara.

Kukan yayata dai kar kowa ya ce mata ba ta da bangaskiya, wanda ya ce haka bai san abin da ta sani ba. Mu da ita mun tashi muna ganin mutanen nan da idonmu, ta san abin da ake nufi in an ce yaro ya shiga cikinsu. Fadan dayosis, wato yankin da Bishop ɗaya ke kula da shi, daban ne, shi ɗan ƙasa ne, alkawarinsa ga Bishop ne, ba zai yi aure ba kuma zai yi biyayya, amma bai rantse da talauci ba, zai iya sayen mota da sunansa, zai ci gadon ubansa, zai gina wa tsohuwarsa ɗaki, kuma duk inda aka juya shi yana cikin dayosis ɗinsa, yau Funtua gobe Malumfashi, ranar suna ko biki sai ki gan shi ya leƙo. Su kuwa waɗannan da ake ce wa 'yan'uwa, Dominikan da Faransiskan da Agustiniyan, shiga wani gida ne sukutum. Asalin sunan da Turawa ke kiransu ma ma'anarsa ɗan'uwa ne kawai. Wasunsu ana naɗa su fada, wasu burada ne har su mutu ba su taɓa yin Misa ba, suna kafinta ko koyarwa ko duba marasa lafiya, amma tukunya ɗaya suke ci, asusu ɗaya, kuma babu wanda ya fi wani riga.

Kuma ba 'yan zuhudu masu kulle kansu a daji ba ne, kar ki haɗa. Da can a Turai masu barin duniya gidan ibada suke shiga su zauna wuri guda da gonakinsu har mutuwa. Sai wajen shekara 800 da suka wuce birane suka cika, aka samu mutum biyu da suka ce su kam cikin mutane za su shiga da ƙafa, su yi wa'azi su ci abin da aka ba su. Ɗaya Faransis ne mutumin Asisi a Italiya, ɗan attajirin mai sayar da yadi wanda ya tuɓe kayan ubansa ya mayar masa a bainar jama'a, nasa suka fara a 1209. Ɗayan Dominik mutumin Sifen, Paparoma ya amince da nasa a 1216, sunan ƙungiyar ma ƙungiyar masu wa'azi, shi ya sa suka fi kowa son karatu. Bara suke yi a farkon lamarin, bara na gaske da ƙoƙo, abin da in kika duba ba baƙo ba ne a ƙasar nan tamu. Ta riga kike gane su: Faransiskan ruwan ƙasa da igiya a ƙugu mai ƙulli uku, talauci da tsarki da biyayya. Agustiniyan ɗamarar fata. Dominikan fara fat da dogon carbi rataye a gefe, akwai baƙar alkyabba da suke ɗorawa a kai amma a zafin Gusau wa zai sa, sai ranar babban taro.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba, irin mutanen nan sun taka ƙasar Katsina tun kafin jihadin Shehu. A 1710 wasu Faransiskan biyu suka taso daga Tarabulus da niyyar zuwa Borno, suka biyo ayari ta Agadas, suka iso Katsina a 1711, a nan ciwo ya kashe su dukansu, ba coci ba komai. Daga nan shiru sai zamanin Turawa. Agustiniyan mutanen Ailan suka kama gabas tun 1940, Yola da Maiduguri, har babbar seminari ta Jos, makarantar horar da fada, sunan Agustin take ɗauke da shi. Mu namu rabon Dominikan ne daga Amurka, na yankin Shikago, sun sauka Yaba a Legas a 1951, a 1953 aka damƙa musu ƙasar Sakkwato da Katsina gaba ɗaya, suka zauna Gusau. Edward Lawton ne shugabansu na farko a nan, ya zama Bishop a 1964 ya rasu 1966, Michael Dempsey ya gaje shi ya riƙe har 1984. Sistocinsu ma daga Kansas suka biyo su Gusau a 1956 da aikin asibiti da haihuwa.

Da farko fa ba mu ne 'yan cocinsu ba. Ma'aikatan reluwe ne da 'yan kanti da akawu daga kudu, su ke cika benci a Gusau da Funtua. Da rikicin 1966 ya tashi mutanen suka gudu gida, coci ya koma wayam, fada ya juyo ya ga kujeru. Bayan nan ne suka ƙara maida hankali sosai ƙauyukanmu na Maguzawa, aka riƙa horar da katikis, masu koyar da addini a coci, a Malumfashi, a nan nima na zauna aji da gemuna ya fara tsiro. Ki dubi sunan cocin Malumfashi ma, Binsent Fera, ai waliyyin Dominikan ne, sun bar tambarinsu.

Bari in ba ki abin da na gani da idona, don shi ne amsar tambayarki ta gaske. Akwai wani fada da ya yi shekaru yana zuwa ƙauyenmu a babur, farar rigar nan ya tattare ta ya ɗaure a ƙugu, kafin ya iso ta koma ja da ƙura. Hausarsa sai a hankali, in yana wa'azi tsofaffin mata na rufe baki da zane suna dariya, shi ma ya yi dariyar ya ci gaba. Tuwon dawa da miyar kuka yake ci a akushi ɗaya da kakanki, ya kwana a zaure kan tabarma sauro na cinsa. Shekarar da aka yi kaka mai kyau sai dattawa suka haɗa kuɗi suka saya masa agogon hannu da rago, wai nasa na kansa. Ya karɓa ya yi godiya har ƙasa, sannan yace zai kai wa shugaban gidansu, shi zai ce abin da za a yi da su. Kakanki ransa ya ɓaci ƙwarai, yace wannan wane irin namiji ne da furfurarsa sai ya nemi izini kan agogo. Bayan wata biyu muka ga agogon a hannun wani burada mai tuƙa motar asibiti, don shi ya fi bukatar sanin lokaci. Ragon kuwa gida duka suka ci da Kirsimeti.

Sannan ranar da aka ɗauke shi. Takarda ce kawai ta zo daga shugabansu, cikin mako biyu ya tafi, kayansa duka akwatin ƙarfe ɗaya da kwalin littattafai, babur ɗin ma ya bar wa wanda ya zo bayansa. Rijiyar da ya fara haƙa mana ba a gama ba. Zumuntar mata suka tashi takanas suka je roƙo a bar mana shi, aka ba su ruwa aka saurare su aka ce sai haƙuri. Ni kaina na yi fushi, na fi wata ban je Misa da zuciya ɗaya ba, kuma har yau ina ganin da sun bari ya gama rijiyar nan da bai rage su da komai ba, wani lokacin manyansu na yanke hukunci daga nesa ba su san abin da ke ƙasa ba. Amma da na girma cikin aikin na gane cewa faris, wato cocin yankin da mutanensa, ba nasa ba ne, aro aka ba ƙungiyarsu, shi kuma ba namu ba ne ko da mun so shi. Mamanku tana cikin 'yan matan da suka raka zumunta ranar, shi ya sa nace miki ta san abin da take wa kuka.

Yanzu yadda abin ke tafiya in ya shiga, don ku daina ɗauka gobe za a aske shi a ɓoye shi. Sai sun bincike shi tukuna, takardun makaranta, lafiyarsa, shaidar fadan faris ɗinsa, kuma sukan tambayi halin da gida ke ciki. In sun karɓe shi Ibadan zai tafi, can gidan horonsu yake. Ranar da za a sa masa riga zai kwanta rub da ciki a gaban 'yan'uwa, babba ya tambaye shi me kake nema, yace jinƙan Allah da naku. Wannan kalma ta daɗe tana taɓa ni, wato tun ranar farko an gaya masa zama da mutane sai an yi ta yafe masa shi ma yana yafewa. Shekara ɗaya yana gwaji ba alkawari, in ya ga ba zai iya ba ya ɗauki jakarsa ya dawo, ba zunubi ba abin kunya, kuma in ya dawo kar in ji wani a dangi ya yi masa gori. Bayan shekarar ya yi alkawarin wucin gadi, aƙalla shekara uku, yana ta karatun falsafa da tauhidi. Sai daga baya ne zai sa hannuwansa cikin hannun shugaba yace zai yi biyayya har mutuwa. Daga farko zuwa naɗin fada ki ƙaddara shekara takwas ko fiye. Kuma shugabancinsu ba sarauta ba ne, zaɓe suke yi, shugaban gida shekara uku ya sauka ya koma layin wanke kwano, na taɓa ganin wanda jiya shi ke ba da izini yau shi ke nema.

Maganar gona kuwa a nan nake so ki buɗe kunne don na san 'yan'uwan babanku. Muddin bai yi alkawarin ƙarshe ba rabonsa nasa ne, shiga seminari ba ya cire mutum daga gado, ba a al'adarmu ba ba a dokar Ikilisiya ba. Abin da zai yi kafin alkawarin farko shi ne ya damƙa wa wanda ya ga dama kula da ita, ya ce wa zai noma wa zai ci amfanin. Kafin na ƙarshe kuma dole ya rabu da duk abin da ya mallaka, kuma shi zai zaɓi wanda zai ba, in ya so mamanku in ya so ke. Bayan wannan rana duk abin da ya zo hannunsa, albashi ne in yana koyarwa, kyauta ce, gado ne, na gidansu ne ba nasa ba. Saboda haka kar ku bari wani baffa ya ce ai tunda ya zama na coci a raba filinsa yanzu, kuma kar ku sayar. A rubuta a gaban mai unguwa da shaidu cewa mamanku ke ci har ya yanke shawara. In ya dawo bayan shekara biyu fa, a ina zai sa fartanya?

Wanda ba zan ɓoye miki ba, ba zai riƙa aiko kuɗi kamar ɗan da ke aiki a Kaduna ba. Zai zo hutu, zai kira a waya, in ciwo ya yi tsanani zai nemi izini ya zo kuma sukan taimaka, amma nauyin tsohuwa zai dawo kanki da yayanku, gara ku san haka tun yau. Kuma za a iya jefa shi Legas ko Gana ko wata ƙasar da ba mu taɓa ji ba, don lardinsu Najeriya da Gana ne a haɗe. In ya tsufa a hannun 'yan'uwansa zai tsufa, su za su kewaye gadonsa suna rera waƙar Maryamu da suke rufe dare da ita kullum, haka al'adarsu take ga mai cikawa, kuma galibi cikinsu ake binne shi ba a kushewar gidanmu ba. Wannan ɓangaren ne ya fi yi wa irinmu nauyi, mu da muke so kowa ya kwanta kusa da ubansa.

Ki tambaye shi abu ɗaya a madadina, cikin natsuwa ba gaban mutane ba: farar rigar yake so ko zaman? Don yanzu muna da dayosis namu na Katsina tun 2023, Bishop ɗinmu Gerald Mamman Musa ɗan ƙasar nan ne mai jin yarenmu, in aikin fada kawai yake so ƙofa na nan kusa da gida kuma ana neman masu Hausa ido rufe. In kuwa yace shi zaman 'yan'uwan ne ke jansa, ya je ya kwana biyu a gidansu na Gusau ya tashi addu'ar asuba da su ya ga yadda ake neman izinin kuɗin mota, ya dawo mu yi magana.

Mamanku ki bar ni da ita, ranar Lahadi bayan Misa zan shigo in ƙafar nan ta bar ni. Ki ce wa Auta ya nemo takardar filin da ke bakin rafi ya ajiye min, kuma kar baffanninku su ji zancen kafin in zo.