Tambaya da Amsa: Ga Mai, Ga Yuraniyom, Ina Arzikin Yake Tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Damagaram. Kullum muna jin cewa Nijar na cikin manyan masu haƙar yuraniyom, Najeriya kuma tana sahun gaba wajen ɗanyen mai a Afirka, amma talakan ƙasashen biyu da kyar yake ɗora tukunya sau biyu a rana. Me ya jawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Da yawa za su ce maka sata ce, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai a ganina akwai abin da ya share wa satar hanya, wato kuɗin ma'adinai yana shiga baitulmali ne ba tare da ya bi ta hannun talaka ba.

Dubi zamanin gyaɗa. Manomi a Gumel ko Ɗambatta zai kai buhunansa wurin awo, a tara su a Kano har su zama dala, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Gwamnatin Arewa tana samun kaso mai tsoka daga wannan ciniki ta hannun hukumar sayen amfanin gona, saboda haka dole ta damu da iri da hanyar ƙauye, domin in manomi ya yi asara ita ma ta yi. Da aka gano mai a Oloibiri da ke yankin Neja Delta a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, sannan farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 1973, sai wannan igiya ta tsinke. Naira ta yi ƙarfi, kayan waje suka yi arha har noman sayarwa ya daina biyan wahala, matasa suka tasam ma birane. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 sun yi tasu ɓarnar, amma gwamnatin da ke samun kuɗinta daga rijiyar mai ba ta ga dalilin tashi tsaye don ceto manomi ba.

Haƙar mai da yuraniyom kuma aiki ne na manyan injuna da ƙwararru kaɗan, ba ya ɗaukar miliyoyin da gona da masaƙa suke ɗauka. Ana kuma fitar da su ɗanye, ribar sarrafawa ta tsaya a waje. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar, Faransa tana haska gidajenta da makamashin nukiliya da ake samarwa daga yuraniyom, alhali Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawan lantarkinta daga Najeriya, abin da kowa ya ɗanɗana lokacin da aka yanke layin bayan juyin mulkin 2023. Najeriya ma ta shekara da shekaru tana shigo da fetur ga matatun Kaduna, Warri da Fatakwal a kwance, wannan kuwa abin takaici ne da babu uzurin da zai wanke shi.

Sauran matsalar ita ce farashi, wanda ake yanke shi a kasuwar duniya. Da ya faɗi a shekarun 1980, bashin da aka ciwo lokacin wadata ya rage a wuyan jama'a, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1986. Botswana ta kauce wa wannan ramin gwargwado, domin ta riƙe rabin kamfanin Debswana da ke haƙar lu'ulu'unta, ta ajiye rarar shekarun albarka, ta zuba kuɗin a makarantu da asibitoci, ko da yake rashin aikin yi yana damun matasanta har yau.