Sun Riƙe Fasfona da Wayata da Sunan Tsaro, Me Doka Ta Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Wata huɗu ke nan da jami'an wata hukumar tsaro suka tare ni a filin jirgin sama, suka ce sunana yana cikin wani jerin sunaye, suka tsare ni kwana uku, suka karɓe fasfona da wayata. Sun sake ni ba tare da wata tuhuma ba, amma sun ce in riƙa zuwa ofishinsu duk mako ina sa hannu. Ko takarda ɗaya ba su ba ni ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce umarni ne daga sama. 'Yan uwa suna cewa in haƙura tunda maganar tsaro ce. Ina da wani haƙƙi kuwa? Kuma waɗannan hukumomi kare mu suke yi, ko dai ikon gwamnati suke ƙara faɗaɗawa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo maka sauƙi. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin amsarta ce za ta nuna maka dalilin da ya sa ba na goyon bayan shawarar 'yan uwanka, duk da na san tsoro da ƙauna ne suka sa su faɗa maka haka.

Babu mai hankalin da zai ce ƙasa ba ta buƙatar hukumar tsaro. A shekarar 2006 jami'an Ingila sun bankaɗo shirin tarwatsa jiragen fasinja masu zuwa Amurka da Kanada ta hanyar bama-baman ruwa da aka ɓoye a kwalaben lemo, kuma rayukan da aka ceta a lokacin suna da yawan gaske. Sai dai hukumar da aka ba ikon aiki a ɓoye, da kuɗin da ba a cika bin diddiginsa ba, da kalmar da ke rufe bakin kowa, wato tsaro, tana da halin girma fiye da aikin da aka kafa ta dominsa, kuma da wuya ta mayar da ikon da ta samu da kanta. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurka ta haɗe hukumomi 22 cikin ma'aikata guda ta tsaron cikin gida, ta kuma yi dokar da aka fake da ita ana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutanen da ba a zargi da komai ba. Jama'a ba su sani ba sai da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin ƙasar aiki, ya fallasa lamarin a 2013. A 2014 hukumar sa ido da gwamnatin kanta ta kafa ta ce ba ta ga ko lokaci guda da wannan shiri ya kawo wani muhimmin sauyi a binciken ta'addanci ba, kuma a 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa dokar ba ta taɓa ba da wannan izini ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, ba hukumar da ke tattara bayanan ce ta tsayar da kanta ba. Kotu da majalisa ne suka taka mata burki, bayan wasu mutane sun ƙi yin shiru.

Jerin sunayen da aka ce kana ciki shi ne ya fi damuna, domin a nan ne aikin ofis ke zama sarƙa a wuyan mutum ba tare da kowa ya ɗauki alhaki ba. Akwai wata ɗalibar digirin digirgir 'yar Malesiya a Jami'ar Stanford da aka kama a filin jirgin San Francisco a 2005, aka sa mata ankwa a gaban 'yarta, daga baya kuma aka soke bizarta. Ta yi shekaru tana shari'a, gwamnati tana cewa sirrin ƙasa ne, har sai a 2014 alƙali ya bayyana cewa wani jami'i ne ya yi maki a gurbin da ba daidai ba a kan fom, sunanta ya faɗa cikin jerin waɗanda aka hana hawa jirgi. Kuskuren alƙalami na mutum ɗaya ya bazu cikin rumbunan bayanai na hukumomi da dama, kowace tana dogaro da 'yar uwarta. Mai yiyuwa ne naka ma kamannin suna ne kawai, ko lambar wayarka ta bayyana a wayar wani da ake nema, amma irin wannan kuskure ba ya gyara kansa, kuma kowane mako da ka je ka sa hannu fayil ɗinka ƙara kauri yake yi.

Yanzu ga matsayinka a doka. Ƙasashe sama da 170 sun amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966, kuma tsarin mulkin mafi yawan ƙasashe yana ɗauke da makamantan tanade-tanadenta. Sashe na 9 na Yarjejeniyar ya ce dole a faɗa wa mutum dalilin kama shi a lokacin da aka kama shi, a gaggauta kai shi gaban alƙali idan ana zarginsa da laifi, kuma duk wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya. Kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya bayyana a 2014 cewa awa 48 sun isa a kai mutum gaban alƙali, jinkirin da ya wuce haka kuwa sai da dalili na musamman. Kai kwana uku ka yi. Wasu ƙasashe suna da dokokin ta'addanci da suka tsawaita wa'adin, amma galibi da izinin kotu ake yin hakan, don haka tambayar farko da lauyanka zai yi ita ce ina wannan izini yake.

Maganar fasfo ta faɗa ƙarƙashin sashe na 12, wanda ya ba kowa 'yancin fita daga kowace ƙasa har da tasa. Gaskiya ne sashen ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, amma da sharaɗin doka ce ta tanadi taƙaitawar, kuma ta zama dole, ba ta wuce gwargwadon buƙata ba. Umarni daga sama ba doka ba ne. Haka nan wayarka, sashe na 17 ya hana kutsawa cikin sirrin mutum da wasiƙunsa ba bisa ƙa'ida ba, ko da yake ya kamata ka san cewa a ƙasashe da yawa jami'an kan iyaka suna da sassaucin bincike fiye da ɗan sandan cikin gari, saboda haka hujjarka mafi ƙarfi tana kan riƙe wayar wata huɗu babu tuhuma. Zuwa sa hannu duk mako kuwa sharaɗi ne irin na beli, kuma dole a iya nuna dokar da aka dogara da ita wajen ɗora maka shi.

Duk da haka kada ka daina zuwa da ra'ayin kanka, domin za a iya cewa ka gudu, a mayar da hakan dalilin sake kama ka. Ka ci gaba da zuwa, amma tare da lauya, kuma kada ka sa hannu a kan wani jawabi da ba ka karanta ka fahimta ba, ko farar takarda da aka ce za a cike daga baya. Doka ba ta yarda a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa ba. Tun yau ka zauna ka rubuta komai tun kana tune da shi: ranar da aka tare ka da lokacin, lambar jirgin, ofishin da aka kai ka, tambayoyin da aka yi maka, da ranakun da ka je sa hannu. Ka adana tikitin da ka yi asara da duk shaidar aiki ko karatu ko jinyar da tafiyar ta kuɓuce maka, domin da su ake auna diyya.

Daga nan lauyanka ya rubuta wa shugaban hukumar wasiƙa, ya nemi a faɗa a rubuce wace doka aka dogara da ita, a dawo da fasfo da waya cikin wa'adin da zai ambata, a kuma duba sunanka a jerin. Ku tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafinku. Na sha ganin yadda wasiƙa guda ke canza yanayi, saboda jami'in da ya saba ba da umarni da baki yakan ja baya idan aka ce ya sa sunansa a ƙasan takarda. Ku aika kwafi ga hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasarku da kwamitin majalisa mai sa ido kan hukumomin tsaro.

Idan wa'adin ya cika shiru, sai kotu. Za ku shigar da ƙarar neman kare haƙƙi tare da takardar rantsuwa, ku roƙi kotu ta ayyana tsarewar a matsayin haramtacciya, ta ba da umarnin sakin kayanka da cire sharaɗin sa hannu, ta kuma ba ka diyya. Ka shirya jin lauyoyin gwamnati suna cewa bayanan sirri ne da ba za a iya bayyanawa ba. Wannan ba ya kashe ƙara, domin alƙali yana iya duba takardun shi kaɗai ko a zaman sirri, ya auna ko da gaske akwai abin ɓoyewa. Ba zan ɓoye maka ba, kotuna sukan yi wa hukumomin tsaro uzuri mai yawa, shari'ar kan ja lokaci, kuma wani lokacin samun hukunci ya fi sauƙi a kan sa a bi shi. Akwai kuma Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, wanda aka kafa a 1991, yana karɓar koke daga ɗaiɗaikun mutane, sai dai ra'ayinsa matsin lamba ne kawai, ba umarnin kotu ba.

Abu ɗaya da ba ya jira shi ne lokaci. Ƙasashe da yawa sun sa gajeren wa'adi ga mai son ƙarar jami'an gwamnati, a wasu wuraren watanni kaɗan ne daga ranar da abin ya faru, wasu kuma suna buƙatar a fara ba hukumar sanarwar niyyar kai ƙara. Tunda wata huɗu sun riga sun shuɗe, ka ga lauya cikin wannan mako, kafin ranar sa hannunka ta gaba, kuma ka bar wa wani amintacce a gida lambarsa da kwafin takardun duk lokacin da za ka shiga ofishin.