Tambaya da Amsa: Me Zan Yi Idan Dusar Ƙanƙara Ta Rufe Mu a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Karatu ya kawo ni birnin Buffalo na jihar New York a Amurka tare da maiɗakina da yaranmu biyu, kuma wannan ne hunturunmu na farko a nan. Maƙwabta suna ta ba ni labarin yadda dusar ƙanƙara take tsare mutane a gida kwana da kwanaki. Idan hakan ta same mu, kuma wutar lantarki ta ɗauke, me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maƙwabtanka ba su yi ƙari ba. Buffalo tana bakin gabas na tafkin Erie, kuma idan iska mai tsananin sanyi ta ratsa tsawon tafkin kafin ruwansa ya daskare, sai ta kwaso danshi ta zo ta juye shi a kan birnin. Guguwar da suke ba ka labari ta fara ne ranar Juma'a, 23 ga Disamba, 2022. Dusar da aka auna a filin jirgin saman birnin ta haura santimita 130, iska ta riƙa kaɗawa da gudun da ya wuce kilomita 110 a awa, an hana tuƙi a birnin kusan kwana shida, kuma an kai lokacin da motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana suka kasa isa ga masu kiransu. Fiye da mutum 40 ne suka rasu a yankin. An tsinci gawar wasu a kan titi, wasu a cikin motocinsu, wasu a gidajen da ba ɗumi, wasu kuma zuciyarsu ce ta buga suna kwashe dusa.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne dabarar da muka taso da ita a gida. Idan hunturu ya matsa a Kano ko Zinder, akan zuba garwashi a kasko a shigar da shi ɗaki, kuma sau da yawa ana tsira ne domin iska tana shiga ta ƙasan ƙofa da ta taga. Gidajen ƙasashen sanyi kuwa an gina su ne a toshe don kada ɗumi ya fita, saboda haka duk abin da ya ƙone a ciki, gawayi ne ko gas ko kananzir, gubarsa a nan take taruwa. Ana kiran wannan guba kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mai barci yana iya wucewa bai farka ba. Idan ka ga mutanen gida duka sun kama ciwon kai lokaci guda, ka fitar da su inda iska take, ka kira 911, lambar neman agajin gaggawa, nan take. A watan Fabrairun 2021, da sanyi ya karya wutar lantarkin jihar Texas, hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu, a cikinsu har da waɗanda wannan guba ta kashe suna neman ɗumi da janareto ko da motar da aka tayar a gareji.

Don haka kada gawayi ya shiga gidanka ko da wasa, kuma kada uwargida ta kunna murhun gas ta bar shi don ya ɗumama ɗaki. Janareto a waje yake zama, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga. Ka tabbatar akwai na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan guba, mai aiki da batir, kusa da ɗakin kwana. Idan gidan haya ne, ka tambayi mai gidan tun yanzu. Ka kuma nemi a nuna maka inda bututun hayaƙin na'urar ɗumama gidan yake fita, domin idan dusa ta toshe shi hayaƙin yakan komo cikin gida, kuma hakan ya yi sanadin rai a guguwar 2022.

Idan wuta ta ɗauke, ku taru a ɗaki ɗaya ƙarami, ku rufe sauran, a cusa tawul a ƙasan ƙofa, a rataya bargo a taga da dare. Tufafi uku marasa kauri da aka sa bisa juna sun fi riga ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, kuma hula da safa wajibi ne, musamman ga yara, domin jikinsu ya fi saurin yin sanyi. Yaron da ya daina rawar ɗari alhali jikinsa da sanyi, ya yi lakwas ko maganarsa ta fara sarƙewa, yana buƙatar asibiti da gaggawa. Ka bar famfo yana ɗiga kaɗan don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu. Tocila ta fi kyandir aminci.

Tanadi kuwa kafin guguwa ake yinsa: ruwan sha kimanin lita huɗu ga kowane mutum a rana na aƙalla kwana uku, abincin da ba sai an dafa ba kamar dabino, gyaɗa, burodi da kifin gwangwani, magungunan da ake sha kullum, madarar yara, rediyo mai batir, da wayoyi cike da caji.

Game da fita, da zarar hukuma ta hana tuƙi ka zauna. A irin wannan guguwa mutum ba ya ganin abin da ke gabansa taku biyu, har yakan ɓace a layin gidansu. Ko masallaci ne, shari'a ta yi rangwamen yin salla a gida a irin wannan hali. Idan kuwa guguwar ta riske ka a mota, ka zauna a cikinta, ka share dusar da ke bakin salansa, ka riƙa tayar da injin kamar minti goma a kowace awa da gilashi a ɗan buɗe. Bayan ta lafa, ka kwashe dusar ƙofa a hankali, kana tura ta da shebur maimakon ɗagawa, kana hutawa a kai a kai, domin sanyi yana matse jijiyoyin jini yayin da aikin yake tilasta wa zuciya. Idan kana da hawan jini ko ciwon zuciya, ka bar wa wani wannan aiki. In ka buɗe hanya, ka ƙwanƙwasa ƙofar tsofaffin maƙwabtanka ka ji lafiyarsu.