Yaya, ba faɗa muka yi da ɗanka ba

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Hoton ɗanka a tashar jirgin ƙasa ta Kofanhagen, babban birnin Denmak, da ƙatuwar jaka a baya ya ɗaga maka hankali, har kana tambaya ko faɗa muka yi, ko kuwa abin hannuna ne ya ja baya. Babu ko ɗaya. Ni na raka shi tasha a nan Hambug ta ƙasar Jamus, uwarsa ta cika masa roba da dambun nama.

Al'adar samarin nan ce idan sun gama sakandare su fita ganin ƙasashe lokacin bazara. Akwai tikitin jirgin ƙasa da ake kira Interrail, tun 1972 ake sayar da shi ga mazauna Turai, yanzu yana aiki a ƙasashe 33, kuma ana yi wa matasa ragi. Kuɗin tafiyar kuwa da guminsa ya tara su, yana jera kaya a kanti ranakun Asabar. Abokin tafiyarsa ɗan wani Bahaushen Kumasi ne da muke sallar Juma'a tare a titin Steindamm, tun suna makarantar allo ta ƙarshen mako suke tare.

Daga Hambug zuwa Kofanhagen kusan awa 5 ne. A da jirgin ƙasan sukutum yake shiga cikin jirgin ruwa a Puttgarden, na taɓa hawa, amma an daina a ƙarshen 2019. Daga can suka bi gadar Øresund, wadda aka buɗe a 2000, cikin minti 40 sai ga su a Malmo ta ƙasar Suwidin, sannan Sitokholm.

Inda muka bambanta da Turawa shi ne mu ba ma sakin yaro ya shiga garin da ba a san da zuwansa ba. Ka tuna labarin da Baba yake ba mu na fataken goro a hanyar Gwanja, kowane zango da mai masaukinsa? To shi muke yi, sai dai da waya. Bayan an idar da salla na yi cigiya, wani mutumin Damagaram ya ce ƙanensa yana Malmo. Bawan Allahn nan bai taɓa ganina ba, amma ya je tasha ya tarbe su, suka kwana biyu a falonsa, matarsa ta yi musu tuwon semo da miyar kuka. Ba a maganar biya a irin wannan wuri, abin kunya ne. Tsaraba muka haɗa musu, yaji da daddawa da kuka, don a can samunsu sai an wahala. A Kofanhagen ba mu da kowa, sai suka sauka a masaukin matafiya mai arha, inda ake jera gadaje shida ko takwas a ɗaki, wani bisa wani. Da yawansu suna haɗa maza da mata, wannan kam ban yarda ba. Nan kaɗai na sa kuɗina, suka kama ɗakin mutum biyu.

Na san abin da ya fi ɓata maka rai shi ne da ka ji kowa nasa yake biya. Ni ma da farko rowa na ɗauke shi, mu da muka tashi in ka riga abokinka kaiwa ga mai shayi kai ne da biya. Amma Denmak da Suwidin tsada gare su ƙwarai, kuma yaran nan kuɗinsu ƙidayayye ne. In ɗaya ya dinga nuna bajinta, kafin kwana huɗu ya tsiyace, daga nan sai jin nauyi ya shiga tsakani. Sai suka buɗe lissafi a waya, tikiti da makwanci a raba biyu. Abinci kuwa ba su taɓa rubutawa ba, tare suke sa hannu: burodi da kifin gwangwani daga kantin Lidl, falafel (wani irin ƙosai) mai arha a Malmo, ruwa na famfo. Wannan ya faranta mini rai, don ba ni na koya musu ba.

Salla kasaru suka yi. Abin da ya rikita su rana ce, don a watan Yuni a Sitokholm wuni yakan haura awa 18, magariba sai wajen ƙarfe 10 na dare. Na ce su bi jadawalin masallacin garin. Sun yi Juma'a a babban masallacin Sitokholm da ke unguwar Södermalm, wanda tsohon gidan wutar lantarki ne aka mayar masallaci a 2000.

Don Allah kada samarin gidanmu su ga hoton nan su ɗauka Turai a buɗe take. Ɗanka fasfon Jamus ne da shi, kuma duk da haka sai da ya riƙe shi a aljihu, don tun 2015 Suwidin take duba takardu a tashar Hyllie da zarar an sauka daga gada. Muna da 'yan'uwa a nan da suka shekara goma suna jiran takarda, ko iyakar Denmak ba su da ikon tsallakawa, balle su je jana'izar iyayensu.

Batun barin 'yan mata su yi irin wannan tafiya kuwa har yanzu muna ta ja-in-ja a tsakaninmu. Wasu gidajen sun bari, ni ban kai nan ba tukuna, ga ƙanwarsa kuma ta fara ƙirga shekarunta.

Ya dawo lafiya bayan kwana 10, har da canjin yuro 30. Zai kira ka ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku. Yana so ya zo Katsina hutun Disamba, ya ce kai zai tambaya wa zai sauke shi a Kano. A gaida Yaya Hajiya da yara.