Shin Bashin Taki Laifi Ne da Za a Tsare Mutum a Kansa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja. A farkon daminar bara ƙanena ya karɓi taki buhu huɗu bashi a wajen wani dila, a kan zai biya da kaka idan ya yanke shinkafa. Ambaliya ta zo ta cinye gonar, ko iri bai fitar ba, sai ya tafi ci-rani domin ya haɗa kuɗin. Mai takin ya kai ƙara caji ofis, da ba a same shi ba sai aka tafi da mahaifinmu, dattijo mai fama da ciwon ƙafa, ya kwana uku a bayan kanta har sai da ƙanen nawa ya dawo ya miƙa kansa. Mun sayar da awaki biyu mun biya abin da aka ce kuɗin beli ne, amma duk da haka aka kai ƙanen nawa kotu bisa tuhumar cin amana da zamba. An ba da belinsa a kan sai mun kawo babban ma'aikacin gwamnati mai takardar fili a cikin gari, da na ce zan tsaya masa kuwa aka ce mace ba ta karɓar beli. Yau wata biyar ke nan yana tsare. Malam, shin bashi laifi ne? Mene ne abin yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo muku mafita, Ya kuma ba mahaifinku lafiya. Ban ji ta bakin mai takin ba, saboda haka amsata ta dogara ne a kan yadda kika ba da labari.

Bashi ba laifi ba ne a dokar Najeriya. Haƙƙi ne da ake nema ta hanyar ƙarar neman haƙƙi a kotu, ko kotun shari'ar Musulunci ko ta majistare, kuma mai takin yana da cikakken ikon bin wannan hanya, domin shi ma da guminsa ya sayo kayan. Abin da ba shi da ikon yi shi ne mayar da ɗan sanda ɗan karɓar bashi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda take aiki a kowane caji ofis a faɗin ƙasar nan, ta faɗa a sashe na 32 cewa ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rikicin haƙƙi da ke tsakaninsa da wani. Masu bin bashi da yawa sun san da haka, shi ya sa ba su zuwa su ce "ina bin sa kuɗi", sai su ce "ya ci amanata, ya zambace ni", da wannan canjin lafazi kaɗai sai cinikin taki ya rikiɗe ya zama babban laifi a kan takarda.

To amma doka ta bambanta su. Zamba tana tabbata ne idan mutum ya yaudari ɗan'uwansa tun daga farko, ya karɓi kaya alhali ya ƙudurta a ransa ba zai biya ba. Cin amana kuwa sai an damƙa wa mutum dukiyar wani ta ajiya ko ta wakilci, ya karkatar da ita da gangan. Takin da aka sayar wa ƙanenki bashi ya zama nasa tun ranar da ya ɗora shi a kan amalanke, abin da ya rage a kansa shi ne kuɗi. Idan maƙwabtansa na gona za su shaida cewa sun ga ya zuba takin nan a shinkafarsa, mai unguwa kuma ya shaida cewa ruwa ya shafe fadamar, to da wuya mai gabatar da ƙara ya iya nuna mugun nufi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma Alƙur'ani mai girma a Suratul Baƙara, aya ta 280, ya umarci a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Kamun da aka yi wa mahaifinku shi ya fi tsaya mini a rai. Sashe na 36 na wannan doka ta 2020 ya haramta kama wani a madadin wanda ake zargi, haka ma sashe na 7 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015. Dattijon da ya kamata a ce yana zaune a kan buzunsa a ƙofar gida, an cire masa hula da takalmi an zaunar da shi a kan siminti kwana uku, domin kawai a ja ɗansa da igiyar kunya. Kwanakin ma sun wuce ƙa'ida, domin sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Belin caji ofis kuma kyauta ne, awakin nan biyu an ci su ne ba bisa haƙƙi ba.

Maganar cewa mace ba ta karɓar beli ba ta da tushe. Sashe na 167 na dokar 2015 ya hana a ƙi mutum a matsayin mai tsayawa don kawai mace ce, sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. Game da sharuɗɗan belin, ƙa'ida ita ce kada a tsananta su fiye da kima, domin manufar beli ita ce a tabbatar mutum zai dawo kotu. A ce manomi a ƙauye ya nemo babban ma'aikaci mai takardar fili a birni, a ganina, daidai yake da a hana shi belin, sai dai ba a furta ba. Wa ya san manomi fiye da dagacinsa da limamin garinsu?

Ƙanenki ba shi kaɗai ba ne. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan zaman jiran shari'a suke yi, alhali sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce kowa marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda rashin kuɗin tara ya zaunar da su, aka tara Naira miliyan 585 aka biya musu. Abin a yaba ne, amma ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu yadda aka yi mutum dubu huɗu suka kwana a kurkuku saboda aljihunsu wayam, alhali wanda ya aikata irin laifinsu yana da kuɗi ya biya nan take ya koma gida. Idan yaro ya shiga gidan yari saboda kaza ko buhun gero, ya yi watanni a ɗaki ɗaya da 'yan fashi, ya fito ya tarar gonarsa ta yi ciyawa, an fasa ba shi aure, wace riba al'umma ta ci?

An yi gyara a kan takarda. Dokar 2019 da ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya ga al'umma da sasanta mai laifi da wanda aka zalunta. Kano da Jigawa duka sun yi nasu dokokin gudanar da shari'ar laifuka a 2019, a 2023 kuma aka gyara Kundin Tsarin Mulki aka ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Doka ta kuma wajabta wa majistare ya riƙa leƙa wuraren tsare mutane na 'yan sanda duk wata. Inda gizo ke saƙar shi ne, waɗannan tanade-tanade ba su cika isa karkara ba, inda lauya ya yi nisa, kuɗin mota zuwa kotu ma sai an sayar da tiya biyu ta gero.

Yanzu ga abin da nake ba ki shawara. Ki je wurin magatakardan kotun ki karɓi lambar shari'ar da ranar zama na gaba, sannan ki tafi Dutse ofishin hukumar nan mai ba marasa galihu lauya kyauta, wato Legal Aid Council, wadda aka kafa tun 1976. Lauyan zai nemi a sassauta sharuɗɗan belin, idan aka ƙi ya ɗauki maganar zuwa Babbar Kotu, kuma yana da hujja mai ƙarfi, domin sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda yake tsare a kan laifin da ba na hukuncin kisa ba, idan ya yi wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko babu. Ki roƙe shi ya sa sunan ƙanenki cikin waɗanda za a gabatar wa Babban Jojin Jiha idan ya kai ziyarar rage cunkoso. Maganar mahaifinku da kuɗin belin kuwa, ku rubuta koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ku ambaci ranakun da adadin kuɗin.

Kada ku jira kotu kaɗai. Ku roƙi dagaci da liman su kira mai takin a zauna, a rubuta yarjejeniyar biya kashi-kashi bayan noman rani, da shaidu biyu. Ku tunatar da shi cikin mutunci cewa wanda yake kulle ba ya noma, balle ya biya. Idan ya amince, lauya zai gabatar da takardar sulhun a gaban alƙali. Ki sake rubuto mini bayan zaman kotu na gaba, ki faɗa mini yadda aka kwana game da belin.